KAFIN KA YARDA A SAUKE MAKA GIYABOS

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya yi wa masu tsofaffin motoci a taron ƙungiya na wata-wata, Sabo, Ibadan



Mai girma shugaban taro, wakilin Sarki, Allah ya ja zamaninsa, malamanmu, iyayenmu dattawa, 'yan'uwana 'yan kasuwa da direbobi, da samarinmu da ke zaune can baya, ina yi muku barka da zuwa. Sakatare ne ya nemi in ɗan yi bayani a kan matsalar giya a tsohuwar mota, tun da yake ya ga ƙorafin ya yi yawa a tsakaninmu. Ni dai kun san sana'ata saye da sayarwa ce, ban taɓa zama a gareji na koyi aiki ba. Amma wanda ya shekara da shekaru yana riƙe da mota iri ɗaya, yana biyan kuɗin gyaranta daga aljihunsa, dole kunnensa ya buɗe.

Motar da zan yi misali da ita ita ce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, domin ita ce ta fi yawa a cikin tsofaffin da suka rage a hannunmu, musamman wagon da a-kori-kura masu ɗaukar mana kaya daga Bodija da Sasa da Akinyele. An fara ƙera ta a Faransa a 1968. A 1975 aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna, kuma ko bayan da Faransa ta daina yin ƙaramar a 1983, nan gida an ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000. Watau ko wadda ta fi kowace ƙuruciya a cikinsu yanzu ta ba shekara goma sha biyar baya, wasu kuwa sun girmi direbobinsu. Abin da zan faɗa zai yi amfani ga mai 404 da mai 505, har ma da duk wata mota mai giyar hannu, sai dai 'yan bambance-bambance.

To, jama'a, ga inda maganar take. Idan mota ta ƙi shiga giya, ko ta fara ƙara, kalma ɗaya muke faɗa: giya ta lalace. Alhali kuwa abubuwa huɗu ne ke kawo wannan, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne ko kusa. Akwai kuloci, akwai sandunan da ke haɗa hannunka da giyar, akwai mai, sa'an nan akwai cikin giyabos ɗin kansa. Na ƙarshen nan shi ne mai tsada, kuma a iya ganina shi ne ya fi ƙarancin zama mai laifi, amma shi ake fara tuhuma. A Fijo kuwa sauke giyabos ba ƙaramin aiki ba ne, saboda farfelarta a cikin wani dogon bututun ƙarfe take, wanda ya haɗe giyabos da aksul na baya. Sai an ja aksul ɗin baya, ko kuma a ciro inji ta gaba, kafin a kai gare shi. Ka ga mota ta kwana biyu ko uku a gareji, lodin da ka yi alkawari ya tafi ga wani, in kayan gwari ne kuwa ba sai na faɗa ba. Bugu da ƙari, yawancin yaran da ke garejin yanzu a kan motocin zamani masu canja giya da kansu suka koyi aiki. Tsofaffin makanikan da suka san Fijo ciki da waje sun ragu, waɗansu sun rasu, waɗansu ƙarfi ya ƙare. Saboda haka ya zama tilas mai mota ya iya bambance waɗannan abubuwa huɗu da kansa tun kafin a ɗauko sifana.

Bari mu fara da kuloci. Kuloci kamar dillali yake tsakanin inji da giya, shi ke haɗa su, shi ke raba su. In ka ɗaga ƙafa, wani kasko mai ƙarfin sifirin yana matse faifan kuloci a jikin filawil, watau babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, sai ƙarfin inji ya wuce zuwa giya. In ka taka, ya saki, giya ta huta, ka canja lamba. Laifinsa iri biyu ne: ko ya ƙi rabawa, ko ya ƙi haɗawa sosai.

Gwaji na farko ba ya cin ko kwabo. Ka tsayar da mota a fili mai lebur, ka ja hambirki, ka kashe inji. Ka taka kuloci ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaya har ta huɗu, da ribas. Sa'an nan ka tayar da inji ka sake bin su. Idan inji na kashe duk suna shiga lafiya, amma da ka tayar sai suka ƙi, ko suka shiga da ƙyar, to, ka bar giyabos ya sarara. Kuloci ne ba ya saki. Domin ka tabbatar, sai ka gwada da ribas. Lambobin gaba duk suna da wani zobe mai daidaita gudu kafin haƙora su haɗu, wanda makanikai ke kira sinkironaiza, shi ya sa suke iya ɓoye laifin kuloci na ɗan lokaci. Ribas ba shi da wannan zoben, ba ya rufa wa kowa asiri. Ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga ɗaya zuwa biyar a hankali, sa'an nan ka sa ribas. In ya shiga shiru, kuloci na saki. In ka ji ƙarrr duk da jiran da ka yi, ba ya saki.

Me ke hana shi saki? Kulocin 504 da mai yake aiki, irin man birki. Akwai ƙaramin famfo a sama daidai inda fedar take, akwai wani a ƙasa a jikin giyabos, su ne makanikanmu ke kira kulocin sama da kulocin ƙasa. A cikin kowanne akwai 'yar roba mai tura man. Idan robar ta cinye, ko iska ta shiga bututun, sai ka taka feda har ƙasa amma turawar ba ta isa inda ake so ba. Yadda za ka gane shi ne ka yi ta taka fedar da sauri sau biyar ko shida, kamar mai ba da iska, sa'an nan ka sa giya. In ta shiga bayan wannan, laifin na famfo ne, ko iska. Ka duba kwalbar man ko ya ragu. Ka sa hannu ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, sama da fedar, ka ji ko akwai danshi, domin na sama ta nan yake yoyo, cikin mota, inda ido ba ya kaiwa. Na ƙasa kuwa ka leƙa ka ja robar da ke rufe bakinsa, in ka ga mai a ciki ya gama aiki. Duka biyun ana canja su mota na tsaye, ba a taɓa giyabos, aikin awa ɗaya ne ko biyu.

Akwai wani maƙwabcina mai fataucin albasa da aka sauke wa giyabos, aka buɗe, aka wanke, aka mayar, mota ta kwana huɗu, da aka tayar kuma ta ƙi shiga giya kamar jiya. Daga baya wani dattijon makanike ya zo wucewa, ya taka fedar sau biyu kawai, ya ce a canja robar ƙasa. Kuɗin robar bai kai na abincin da yaran garejin suka ci a kwana huɗun nan ba.

Abu biyu game da wannan man. Na farko, man birki yana shan danshin iska, kuma kun san yadda ƙasar nan take da laima, ba kamar gida ba. In ya daɗe sai ya yi baƙi, ya sa tsatsa a cikin famfo, tsatsar ta cinye roba. A zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu, wanda aka rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwanin, kuma daga gwangwanin da ba a buɗe ba. Na biyu, don Allah kada a zuba baƙin mai ko man giya a kwalbar nan, ko da an maƙale a hanya. Robar za ta kumbura ta lalace, sama da ƙasa, har da tiyo.

Wani abin da ke faruwa a nan kudu, motar da aka ajiye ta yi damina ba a tayar ba, faifan kuloci yakan manne wa filawil saboda tsatsa. Feda lafiya, mai lafiya, amma giya ta ƙi. Wannan sau da yawa yakan ɓalle ba tare da an kwance komai ba: a bar inji ya yi zafi a firi, a kashe, a kai motar fili inda babu mutum babu gini a gaba, a sa lamba ɗaya, a taka kuloci, a tayar da ita a haka, ta yi tsalle ta tafi, ana ba da totur ana ɗagawa ƙafa na kan kuloci har ya saki. Na ce fili fa, ba cikin lungunan Sabo ba inda yara ke wasa.

Laifi na biyu shi ne kuloci ya ƙi kamawa. Wannan kowa ya san shi: ka ba da wuta inji ya yi kuka, mota kuwa ba ta ƙara gudu, musamman da lodi a kan hawa, wani lokaci har ka ji ƙauri. Garin nan namu duk tudu ne da gangare, daga Mokola har Mapo, ga cunkoson Ojoo da Iwo Rod. Direban da ke riƙe mota a kan hawa da rabin kuloci maimakon ya ja hambirki, ko mai ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya, shi ke cinye faifan. In kana shakka, ka ja hambirki, ka sa dutse a taya, ka sa lamba uku, ka ɗan ba da totur, ka ɗaga ƙafa a hankali. Mai lafiya zai kashe inji nan take. In inji ya ci gaba da aiki ƙafarka na sama, faifai ya ƙare. Sau ɗaya ake wannan gwaji, kada a maimaita, domin shi kansa yana cin faifan. In kuma motar na karkarwa lokacin tashi, kamar mai jin sanyi, sau da yawa mai ne ya zubo daga bayan inji ko daga bakin giyabos ya jiƙa faifan. A nan dole a buɗe. Amma in an buɗe, a toshe inda man ke fitowa, in ba haka ba sabon faifan ma zai jiƙe cikin 'yan watanni. Kuma tun da an riga an sha wahalar buɗewa, a canja faifai da kasko da boris ɗin da ke tura shi gaba ɗaya, a duba ɗan bushin tagullar da ke tsakiyar filawil. Wanda ya canja faifai kaɗai don tsimi, zai biya kuɗin aiki sau biyu.

Sai sandunan giya. Waɗanda suka riƙe 504 ta farko sun tuna giyarta a jikin sitiyari take, daga baya aka dawo da ita ƙasa. Ko wacce ce, tsakanin hannunka da giyabos akwai sanduna da gaɓoɓi masu bushin roba. In sun cinye sai sandar ta yi lakwa-lakwa, ka nemi lamba ɗaya ka faɗa ta uku, ko ka rasa ribas gaba ɗaya. Alamar wannan ita ce matsalar ba ta damu da inji ba, a kashe ko a kunne duk ɗaya ne. Ka sa yaro ya motsa sandar kai kana leƙen ƙasa, za ka ga inda take wasa. Haka robobin da inji da giyabos ke zaune a kai, in sun tsage sai komai ya karkace, giya ta yi tauri ko ta riƙa fita. Duk waɗannan ƙananan kaya ne.

Yanzu maganar mai, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau, domin a nan aka fi yi wa Fijo illa. Giyabos ɗin 504 mai lamba huɗu, wanda kamfani ya sa wa suna BA7, baƙin mai yake sha, irin wanda ake zuba wa inji. Haka littafin motar ya tanada. Mai kaurin nan mai wari, mai lamba 90, na aksul ɗin baya ne. Amma ka je wurin juye, yaro ya ji an ce giya, sai ya ɗauko mai kauri ya ɗura, wani ma har mai lamba 140. Zoben da na ambata ɗazu sai ya ture man da ke tsakaninsa da ƙarfe kafin ya kama. In man ya yi kauri, ba ya kamawa da wuri, sai giya ta yi tauri da safe, ta fi tsanani in ka kai Zariya ko Jos lokacin hunturu. Mutum ya yi ta dannawa da ƙarfi, a haka zoben ke cinyewa. Na sha ganin motar da aka ce giyarta ta mutu, aka juye man aka sa na daidai, ta dawo tana shiga da yatsa biyu. Kuma ku sani masu sayar da tsohuwar mota sukan zuba mai kaurin da gangan domin ya danne ƙara. In za ka saya, ka sa a kwance noti ka taɓa man da yatsa ka shaƙa.

Man da yake ci ma ba shi da yawa, lita ɗaya ce da ɗan ɗoriya. Wannan ya sa ɗan yoyo kaɗan ya isa ya bar shi a bushe, kuma babu wata fitila a gaban direba da za ta gaya maka. Akwai noti biyu, na ƙasa na juyewa, na gefe na zubawa. Mota na tsaye a lebur, ka kwance na gefe, man ya kamata ya kai bakin ramin. Kullum a fara kwance na gefen kafin na ƙasa, kada ka zubar da mai sa'an nan ka tarar na zubawa ya ƙi kwantuwa. Kada kuma ka ce tun da ba ka ga ɗigo a ƙasa ba lafiya lau ne, domin in robar baya ta saki man na iya zurarewa cikin bututun farfela. A duba duk lokacin da aka yi juyen inji.

In an juye, a tara man a kwano mai tsabta a kai shi rana. Ɗan ƙyalli laushi kamar gari ba abin tsoro ba ne a tsohuwar mota. Gutsattsarin ƙarfe da za ka iya ɗauka da yatsa, wannan haƙori ne ko boris ya fara fashewa. In kuwa man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Manyanmu sun tuna ambaliyar Ogunpa ta 1980, mu duka kuma mun ga ta watan Agusta 2011, amma ba sai an yi irin waɗannan ba. Giyabos yana da 'yar ƙofar shaƙar iska, in ka ratsa ruwa mai zurfi yana da zafi sai ya zuƙo ruwan. Duk wanda ya ratsa ruwan da ya kai ƙofar mota, ya duba man giya da na aksul a cikin makon.

To, in kuloci lafiya, sanduna lafiya, mai lafiya, sai mu saurari cikin. Ƙara tana magana in an san yadda za a tambaye ta. Mota na tsaye a firi, inji na sulo, ƙafarka na sama: in kana jin gurnani, da ka taka kuloci ya ɗauke, boris ne na cikin giyabos, na gaba. In akasin haka ne, shiru sai ka taka sa'an nan ka ji ƙara ko fito, boris ɗin kuloci ne, giyabos ba ruwansa. A kan hanya kuma, lamba huɗu tana da wani sirri. A lamba ɗaya da biyu da uku, ƙarfin inji yana sauka ne ta wani sandan haƙora na ƙasa kafin ya hau ya fita. A lamba huɗu kuwa kai tsaye yake wucewa, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya na farfela. Saboda haka in mota na kuka a ɗaya da biyu da uku, da ka sa huɗu ta yi shiru, laifin na wannan sandan ƙasa ne da boris ɗinsa. In kukan yana bin gudun mota ne, kowace lamba ka sa yana nan, har ma in ka taka kuloci tana gangarawa, to ka nemi abin a baya: wutsiyar giyabos, ko aksul, ko boris ɗin taya. Bututun nan na farfela yana ɗauko ƙarar aksul ya kawo ta ƙarƙashin kujerarka, ka rantse daga giya take. An sauke giyabos da yawa saboda laifin aksul.

Idan lamba ɗaya tak ce ke ƙara lokacin shiga, sauran lafiya, ribas ma ya ci gwajinsa, zoben wannan lambar ne ya cinye. Yawanci lamba biyu ce, domin ita ta fi shan aiki a cikin gari. Wannan ba ya kashe mota yau ko gobe. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun san maganinsa, watau taka kuloci sau biyu: ka taka ka fito firi, ka ɗaga ƙafa, in saukowa za ka yi daga uku zuwa biyu ka ɗan taɓa totur, ka sake takawa ka sa. Kai ka yi aikin zoben da ƙafarka ke nan. Mutum na iya shekara a haka yana tara kuɗin gyara. Samarinmu ku roƙi dattawan da ke nan su nuna muku, minti goma ya isa.

Wadda ba a wasa da ita ita ce giya mai fita da kanta. Kana cikin tafiya, ka ɗaga ƙafa daga totur, sai sandar ta yi tsalle ta koma firi. A fara duba robobin zama da sanduna, kamar yadda na ce. In lafiyarsu ƙalau, ƙananan haƙoran da ke riƙe lambar ne suka lanƙwashe, ko cokalin da ke tura su ya cinye, ko sifirin ɗin da ke danne shi ya mutu. Na ga masu riƙe sandar da hannu, na ga masu ɗaure ta da robar tayar keke. Jama'a, a kan gangare da lodi, giya ita ce rabin birkinka. In ta fita a lokacin da ka dogara da ita, sauran sai addu'a. Wannan kam a buɗe, kada a jira.

Hakan ya kawo ni ga wata ɗabi'a da ta ƙaru tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, watau sakin mota a firi a kan gangare, wasu har da kashe inji, wai tsimi. In ka kashe inji, abin da ke taimaka wa birki ya ƙara ƙarfi ya daina aiki bayan taku biyu ko uku. Sa'an nan sandan ƙasan da na ambata shi ke watsa mai a cikin giyabos, kuma inji ne ke juya shi. Inji a kashe, taya na juya sandan sama da gudu, mai kuwa ba ya isa gare shi yadda ya kamata. Wannan dalilin ne ya sa jan mota da igiya daga Ogbomosho har Ibadan yake iya ƙona giyar da lafiyarta ƙalau. Jan kusa a hankali babu laifi. In tafiyar da nisa, a ɗora ta a kan babbar mota, ko a ɗaga ƙafafun baya.

In kuloci ya mutu maka a daji, misali tsakanin Jebba da Mokwa, kuma wurin ba na tsayawa ba ne, ana iya fita. Ka kashe inji, ka sa lamba ɗaya, ka murɗa makulli, za ta yi tsalle ta tashi in batir na da ƙarfi. In za ka canja, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka zare zuwa firi, ka ɗan jingina sandar a bakin lamba ta gaba ba tare da dannawa ba, da gudun inji ya daidaita za ta faɗa da kanta. In za ka tsaya, ka fito firi ka taka birki. Wannan na kai wa gari mafi kusa ne kawai, ba na ci gaba da tafiya har Kano ba.

Saura mu'amala da makanike, wadda ita ce tamu ta 'yan kasuwa. Kada ka je ka ce masa giyata ta lalace, domin ka riga ka yanke wa kanka farashi. Ka gaya masa abin da ka gani: da safe ne ko in ta yi zafi, wace lamba, ƙafa na sama ko na ƙasa. In Yarbancinka ko Turancinka bai kai ba, ka tafi da wanda ya iya, yaranmu da aka haifa a nan duk sun iya. Rabin rigimar da ake kawowa gaban Sarki tsakanin mutanenmu da masu gareji daga rashin fahimtar juna take farawa, ba daga cuta ba. Ka sa ya shiga motar ku zaga tare, ya ji da kunnensa. A yi ciniki kafin a kwance, a gaban shaida, kuma a ce duk abin da aka cire za a ba ka a hannu.

In ta kama dole sai an sayi wani giyabos, a Agodi Get ko a Ladipo ta Legas, ka tuna cewa yau babu na Fijo da za a kira sabo-sabo a cikin na hannu, duk sun yi aiki shekaru. Ka tafi da naka domin a gwada, saboda akwai mai lamba huɗu da mai biyar, akwai na giyar sitiyari da na ƙasa, kuma ba kowanne ke zama a kowace mota ba. Ka sa a bi lambobin ana juya sandan gaba da hannu, ka ji ko yana tafiya sumul ko yana gurzawa. Ka girgiza sandan, kada wasansa ya yi yawa. Ka kwance notin ƙasa ka ga abin da ya taru a kai. A rubuta a rasit kwana nawa aka ba ka na gwaji, domin giyabos sai a kan hanya yake nuna halinsa. Naka kuma kada ka bar shi a gareji, kada ka yarda a karɓe shi a rage maka kuɗi kaɗan. Sau da yawa zobe ɗaya da boris biyu kawai yake bukata, kuma ko bai gyaru ba, haƙoran cikinsa za su yi maka amfani ko su yi wa ɗan'uwanka, tun da kayan sai ƙara wuya suke yi.

A kan wannan nake ba shugabanni shawara, in sun ga ya dace, a buɗe littafi a ofishin ƙungiya, duk mai tsohon giyabos ko aksul ko kayan kuloci a ajiye ya rubuta, a kuma rubuta garejin tsofaffin makanikan da suka rage masu sanin Fijo. Ranar Asabar bayan la'asar zan kawo tawa bakin ofis, duk mai son ya ga notin gefe da famfon ƙasa da idonsa ya zo, ya taho da sifana da tsumma.

 Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a nema.